Shaƙewar Murya Ga Yara: Yadda Za A Gane Ta Da Matakin Da Ya Dace



 Darasinmu na yau kan muryar yara ne. Iyaye da yawa suna turo tambaya iri ɗaya: yaro muryarsa ta dushe wata da watanni, ko yana cikin magana sai ta riƙa yankewa kamar an shaƙe shi. Wasu an ce musu beli ne, wasu an ce jifa ne, wasu kuma yaron duka yake sha wai da gangan yake yi. A daure a karanta har ƙarshe, don akwai wurin da jinkirin awa ɗaya ke iya jawo asarar rai.

*1. Daga ina murya take fitowa?*

A cikin maƙogwaro, daidai inda zakaran wuya yake, Allah Ya halicci wasu tantani guda biyu. In za ka ja numfashi sai su buɗe iska ta wuce. In za ka yi magana sai su matso su haɗu, iskar da ke fitowa daga huhu ta riƙa kaɗa su, sauti ya fito. A wuyan babban namiji suna kaɗawa sau ɗari da ɗoriya a daƙiƙa ɗaya, a wuyan yaro kuwa suna haura sau 250. Ƙwaƙwalwa ce ke aiko musu da umarni ta jijiyoyi. Saboda haka matsalar murya tana iya zama daga tantanin kansu, tana kuma iya zama daga umarnin da ake aiko musu.

*2. Ciwon ƙullewar murya*

Likitoci suna kiransa sifasmodik disfoniya. A wannan ciwo tantanin lafiyarsu ƙalau, babu ƙurji babu kumburi. Matsalar tana ɓangaren ƙwaƙwalwa mai daidaita motsin jiki: saƙon da yake aikowa yana zuwa a hargitse, sai naman maƙogwaro ya riƙa ɗaurewa ba da son mai magana ba. Kala biyu aka fi gani:

• Wanda tantanin ke matsewa fiye da kima. Shi ya fi yawa. Murya na fita da ƙyar, a matse, tana tsinkewa a tsakiyar kalma, kamar mai magana ɗauke da buhu a ka.

• Wanda tantanin ke buɗewa lokacin da ya kamata su haɗu. Nan sai murya ta ɓace, iska kawai ke fita, musamman bayan haruffa irin su s, sh, f, h. Jimla kamar "Hassan ya sha fura" takan fito rabi murya rabi iska.

Ga abin da ke ruɗa iyaye. Mai wannan ciwo sau da yawa in yana dariya, ko kuka, ko rera waƙa, ko raɗa, muryarsa garau take fita. Da ya koma magana ta yau da kullum sai ta ƙulle. In yana cikin tsoro ko gaban jama'a abin ya ƙaru. Daga nan sai uba ya ce ai ɗazu na ji ka kana dariya lafiya lau, sai bulala. Don Allah a kiyaye. Hanyar da ƙwaƙwalwa ke bi wajen dariya da kuka daban take da ta magana, shi ya sa ake samun wannan bambanci. Yaron ba ƙarya yake ba.

A kuma bambanta shi da in'ina. Mai in'ina yana maimaita harafi ko ya tsaya cak kafin kalma ta fito, amma in ta fito sautinta lafiyayye ne. A ƙullewar murya kuwa sautin kansa ne ya lalace.

Wannan ciwo galibi na manya ne. Ya fi farawa tsakanin shekara 30 zuwa 50, kuma ya fi kama mata. Da wuya ake ganinsa ga yara. In aka gan shi ga yaro, likita kan duba ko akwai ɗaurewar nama a wasu sassan jiki, kamar murɗewar wuya, ko hannu ya riƙa ƙagewa wajen rubutu, ko ƙafa ta riƙa karkacewa wajen tafiya, don wani lokaci muryar alama ce ta ciwon jijiya da ya fi ta faɗi.

*3. Abin da ya fi dusar da muryar yara*

Tunda wancan ciwo ba kasafai ba ne, ga waɗanda aka fi samu:

*Kanta a tantanin murya.* Ita ce kan gaba a dushewar da ta daɗe, kuma ta fi yawa ga yara maza. Kamar yadda fartanya ke sa wa hannu kanta, haka yawan ihu ke yi wa tantanin murya. Duba yaranmu: mai talla tana ƙwala kira tun safe, ɗalibai a Islamiyya ko tsangaya kowa na son muryarsa ta danne ta ɗan'uwansa, ga ihun filin ƙwallo da yamma. Alamarta murya ta yi kaushi, da safe da ɗan dama, da yamma ta ƙara dushewa.

*Mura.* Takan dusar da murya na 'yan kwanaki, ta warware cikin sati ɗaya zuwa biyu.

*Ƙura da hayaƙi.* Hazon hunturu, hayaƙin itace, turaren wuta da maganin sauro na kunnawa a ɗaki rufe, da taba sigari a kusa da yaro.

*Ƙwarnafi.* Ruwan ciki mai tsami yana hawowa ya ƙona maƙogwaro, musamman ga yaron da ke cin abinci ya kwanta nan take.

*Tsiro a maƙogwaro.* Wata ƙwayar cuta ce ke fito da ƙananan tsiro kan tantanin murya, an fi gani ga yara 'yan ƙasa da shekara 5. Murya na ta ƙara dushewa har ta ɗauke, daga baya numfashi ya fara wahala. Sau da yawa ana ta ba yaron maganin asma a banza. Wannan sai an shiga an cire, kuma yana iya dawowa, don haka ana bibiya.

*Balaga.* Yaro namiji muryarsa kan riƙa karyewa na wasu watanni. Wannan ba ciwo ba ne.

*4. Alamun da ba a kwana da su a gida* ⚠️

A tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

• Ƙara mai kama da fito lokacin da yaro ke jan numfashi, ko ramin wuyansa da tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa.

• Leɓe ko harshe ya canza launi, ko yaro ya kasa haɗiye yawu yana dalala.

• Murya ta ɗauke farat ɗaya bayan ya ƙware da gyaɗa, ƙashin kifi, murfin biro ko tsabar kuɗi.

• Zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, wuya ya kumbura, ga wani abu fari-fari mai toka-toka ya lulluɓe can ciki. Wannan alamar mashaƙo ce, cutar da ta ɓarke a arewacin Nijeriya daga ƙarshen 2022, Kano ta fi kowace jiha jin jiki. Kada a kankare abin da yatsa. Rigakafinta yana cikin allurar da ake yi wa jariri a sati 6, sati 10 da sati 14.

• Bayan an ba yaro maganin amai irin Plasil ko Maxolon, sai wuyansa ya murɗe, idanu suka kafe sama, harshe ya fito, magana ta gagara. Da yawa kan ce aljanu ne suka buge shi. Illar maganin ce, kuma a asibiti akwai allurar da ke warware ta cikin mintuna. A tafi da kwalin maganin a hannu.

*5. Yadda ake bincike da magani*

Duk dushewar da ta wuce sati biyu zuwa uku ba ta da niyyar tafiya, a kai yaro asibiti. In ta kai wata guda, a nemi a tura ku wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai su a asibitocin koyarwa na Kano, Shika, Sakkwato da Maiduguri, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Likitan zai zura wata 'yar siririyar na'ura mai kyamara ta hanci ya kalli tantanin yayin da yaro ke magana. Mintuna kaɗan ne. Kafin ku je, ke uwa ki ɗauki muryarsa a waya: yana hira, yana karatu, yana dariya. Wannan yana taimakon likita sosai, don wani yaron in ya ga farar riga baki yake kamewa.

In kanta ce, galibi ba a yin tiyata. Rage ihu da horon murya wurin ƙwararren mai gyaran magana su ne magani, kuma ga yara maza da yawa takan baje lokacin balaga.

In ƙullewar murya ce, za a haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Maganin da aka fi amfani da shi ga manya shi ne allurar Botox, ɗan kaɗan ake yi a cikin naman maƙogwaro don ya saki. Tana aiki kamar wata uku zuwa huɗu sannan a sake. A kwanakin farko murya kan yi laushi, mutum kan ɗan ƙware da ruwa, daga baya ya daidaita. Tana sauƙaƙa ciwon ne, ba ta tumɓuke shi ba. Ga yaro kuwa ƙwararru ne kaɗai za su yanke ko ta dace da shi. Duk wanda ya ce yana da garin da zai warkar da wannan ciwo cikin kwana bakwai, ku riƙe kuɗinku.

*6. Me Sunna ta koyar?*

Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ya hana iyaye azabtar da yara ta hanyar danna musu maƙogwaro da yatsa saboda ciwon wuya, al'adar da matan Larabawa ke yi a lokacin, ya nuna musu ƙusɗul hindi a madadinta. Darasin a fili yake: ba a yi wa maƙogwaron yaro ta ƙarfi. To ina ga sa aska? Beli yana can sama a ƙarshen ganɗa, tantanin murya suna ƙasa da shi nesa. Cire beli ba ya gyara murya, sai dai ya jawo zubar jini, tetanos, ciwon hanta ko ƙanjamau ta kayan aikin da ba a tsaftace ba. Shi ma ƙusɗul hindi kada a ɗura wa yaro a hanci, ballantana mai wahalar numfashi, don zai iya shaƙewa.

Zuma Alƙur'ani ya ambaci warakarta a Suratun Nahli. Ƙaramin cokali a ruwan ɗumi yana lallashin maƙogwaro, yana rage tarin dare. Amma *ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma*, ko ɗigo, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri.

Ruƙya da addu'a a yi su, alheri ne. A tofa wa yaro Fatiha da Falaƙi da Nasi, a koya masa addu'ar da Annabi Musa (AS) ya yi a Suratu Ɗaha ta neman a warware masa ƙullin harshe. Amma ruƙya ba duka a cikinta, ba turara barkono, ba shaƙe wuya, kuma ba ta hana zuwa asibiti.

*7. Abin yi a gida*

✓ Ruwa akai-akai, musamman da hunturu da bazara.

✓ A rage ihu, a fara daga manya. Gidan da uwa ke kiran yaro daga ɗaki zuwa ƙofar gida, haka shi ma zai amsa. Luƙman ma cikin wasiyyarsa ya umarci ɗansa da sassauta murya.

✓ Malamanmu na allo da Islamiyya, a riƙa ba ɗalibai hutun murya tsakanin karatu. Yaron da muryarsa ta dushe a bar shi ya karanta a hankali.

✓ Kada a tilasta masa raɗa, ita ma tana gajiyar da maƙogwaro. Ya yi magana a hankali da muryarsa.

✓ A nisanta shi da hayaƙi, a ci abincin dare da wuri.

✓ Mai shaƙa maganin asma ya kuskure baki bayan kowace shaƙa.

✓ A hana 'yan'uwansa kwaikwayonsa. In yana magana a saurare shi har ya gama, kada a ƙarasa masa. Yaron da ake wa dariya yakan daina ɗaga hannu a aji, wani ma ya ƙi makarantar gaba ɗaya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuri'a bisa Sunna, Ya sa muryoyinsu su zama masu karanta Littafinsa. Amin.

A tura wa iyaye da malaman makarantu. Mai tambaya ya turo, za mu amsa a darasi na gaba in sha Allahu.