Rabon Makaho Da Kurma Da Gurgu A Cikin Ilmi

 Darasin wannan mako ya shafi haƙƙin naƙasassu na neman ilmi.

Asalin wannan haƙƙi yana cikin Suratu Abasa, sura ta 80. Malaman tafsiri sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Ummi Maktum, wanda makaho ne, ya zo wa Annabi (S.A.W.) yana neman a sanar da shi addini, alhali Annabi yana zance da manyan Ƙuraishawa. Da hankalin Annabi ya karkata ga manyan, sai Allah Ya saukar da farkon surar Yana nuna girman mai neman shiriya. Daga baya Abdullahi ya zama ladan tare da Bilal, kuma Annabi yakan bar masa limancin Madina in zai fita yaƙi.

Musulmi sun bi wannan tafarki. A Jami'ar Azhar ta Alƙahira an ware wa ɗalibai makafi zawiyarsu tun ƙarni na 18. Ɗaha Husaini, wanda ya makance tun yana yaro, ya yi karatu a Azhar, ya kuma zama Ministan Ilmi na Masar a 1950. A Zariya kuwa, makanta ba ta hana Aliyu Namangi wallafa Imfiraji ba, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa.

Ta fuskar boko, 'yan mishan ne suka buɗe makarantar makafi ta Gindiri a 1953, inda ake koyar da rubutun da ake shafawa da yatsa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta keɓe sashe don ilmin naƙasassu. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna musu bambanci, ta kuma ba su ilmi kyauta har sakandare.

To, amma doka ba ta ɗaukar yaro ta kai shi aji. A Manga da sauran garuruwan ƙasar Zuru, kamar ko'ina, nauyin yana wuyan uba da malamin unguwa. Makaho yana hardace Alƙur'ani da kunne, in dai za a riƙa biya masa. Kurma yana koyon alwala da salla da ido. Gurgu kuwa abin da yake bukata shi ne mai kai shi makaranta. Uban da ya miƙa wa ɗansa ƙoƙon bara maimakon allo, ya sani za a tambaye shi wannan amana ranar gobe, domin neman ilmi wajibi ne a kan kowane Musulmi, Shari'a ba ta togace kowa ba saboda naƙasar jiki.

Allah Ya ba da ikon sauke nauyi, amin.