Akwatin Oska da Jaguwa: A Auna Kafin a Saya

Sana'ata ita ce haɗa akwatunan gilashi na kifin ado, da kula da su a gidaje da otal-otal da ofisoshi. Cikin 'yan shekarun nan ba kifin da ake tambayata a kansa kamar manyan siklid masu farauta, musamman oska da jaguwa. Mutane na ganinsu a TikTok da YouTube, ana jefa musu abinci suna kai wawura, sai sha'awa ta motsa. Bidiyon ba ya nuna girman akwatin da kifin yake ciki, ba ya nuna yawan ruwan da ake sauyawa duk mako. Don haka nake wannan rubutu, musamman saboda wanda bai riga ya saya ba.

Siklid dangi ne babba, masana sun tantance nau'i sama da 1,600, karfasar da muke soyawa ma 'yar gidan ce. Amma waɗannan da ake shigo da su don ado baƙi ne. Oska daga kogin Amazon da rassansa yake, a Kudancin Amurka. A shago za ka same shi bai wuce santimita 5 ba, yana biyo hannunka ta bayan gilashi, gwanin sha'awa. In yana samun abinci da ruwa mai kyau, yakan ƙara wajen santimita 2 a kowane wata, kafin shekara ta zagayo ya haura santimita 20, daga bisani ya tsaya a 30 zuwa 35, ga kauri ga faɗi. Yana iya wuce shekara 10 a raye. Jaguwa, ɗan ruwayen Honduras da Nikaragua da Kosta Rika, namijinsa na kaiwa santimita 35 zuwa 40, kuma ya fi oska zafin rai nesa ba kusa ba. Ɗan'uwansa dobi yana haura santimita 60. Shi kuwa pikok bas, akwai nau'insa da ke kusantar mita guda.

Maganar da ta fi cutar da waɗannan kifaye ita ce wadda wasu masu sayarwa ke faɗa wa mai saye: wai kifi daidai girman akwatinsa yake tsayawa. Ba haka ba ne. Abin da ke faruwa shi ne kifin na tsumburewa. Ruwa kaɗan ne, kashinsa da fitsarinsa sun yi yawa, kullum yana cikin guba da takura, sai girmansa ya lalace, kwanansa ya gajarta. Mai shi kuwa yana ganin ya tsaya da girma, sai ya ɗauka maganar ta tabbata.

An taɓa kirana wani gida don in duba oskan da ya daina cin abinci. Akwatin ƙafa biyu ne, faɗinsa santimita 30, kifin kuma ya kusa kai wannan faɗin. In zai juya sai ya lanƙwasa jikinsa, ya ja da baya, jelarsa na gogar gilashin gaba bakinsa na gogar na baya. Leɓensa na ƙasa ya yi kanta saboda guga. A saman kansa, kusa da idanu, akwai 'yan ramuka farare-farare, cutar da muke yawan gani a oskan da ya daɗe cikin gurɓataccen ruwa. Maigidan mutumin kirki ne, yana son kifinsa ƙwarai, har suna ya raɗa masa. Ya ce, "Malam, wane magani za a saya? Ko nawa ne." Na ce, "Ranka ya daɗe, maganin zai taimaka na ɗan lokaci, amma in bai bar akwatin nan ba ciwon zai dawo." Ba wanda ya taɓa gaya masa haka ranar da ya saya.

To, yaya ake awo? Ni da tsawo da faɗin ƙasan akwati nake farawa, yawan lita na biyo baya. Ka'idar da nake aiki da ita: faɗin akwati daga gaba zuwa baya ya kai tsawon kifin in ya gama girma sau ɗaya da rabi, tsawonsa kuma ya ninka na kifin aƙalla sau huɗu, in an samu biyar ko shida ya fi. Da wannan lissafi, oska guda na buƙatar ƙafa huɗu, wato santimita 120, da faɗin 50 da bisa 50. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta, ba shi ne mai kyau ba. In biyu ne, santimita 150 da faɗin 60. Jaguwa ba na haɗa masa ƙasa da ƙafa shida, santimita 180 da faɗin 60. Dobi sai ƙafa takwas da faɗin santimita 90. Pikok bas kuwa a ganina ba kifin falo ba ne sam, sai dai a gina masa kwarmin siminti a tsakar gida.

Akwai dogayen akwatunan nan masu tsayi sama, sirara, da ake yayi a wuraren karɓar baƙi. Suna da kyan gani, kuma litarsu na iya yawa, amma ba su da amfani ga siklid. Shi a kwance yake iyo, kuma ƙasa yake kamawa ya ce nan nawa ne. Bayan haka, iskar da kifi ke shaƙa ta saman ruwa take shiga, iyakar faɗin saman iyakar iskar.

Batun kama wuri na da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Siklid biyu da suka taso tare lafiya lau, ranar da suka balaga zance ya canza. Namijin jaguwa na iya kashe macen cikin dare guda in ba ta shirya yin ƙwai ba kuma ba ta da wurin ɓuya. A babban akwati, da duwatsu ko guntun bututu da ita kaɗai za ta iya shiga, tana tsira. Duk wani ƙaramin kifi da zai shiga bakinsu kuwa, ka ɗauka abinci ne ka zuba, ko ba yau ba.

Sanin lita abu ne mai sauƙi: tsawo sau faɗi sau bisa a santimita, a raba da 1,000. Akwatin 120 da 50 da 50 lita 300 ke nan. Na 180 da 60 da 60 ya kama 648. Kowace lita kilo ɗaya ce, in ka haɗa da gilashi da tsakuwa da duwatsu, akwatin ƙafa shida na kai wajen kilo 800, nauyin buhun siminti 16 a wuri guda. Teburin katako na falo ba zai ɗauka ba. Sai mai walda ya haɗa ƙafar ƙarfe, a daidaita ta kada ta karkace, a shimfiɗa soso mai tauri tsakaninta da gilashin. In a bene ne, a tuntuɓi injiniya tukuna. Gilashin da ruwa zai kai santimita 60 a cikinsa ba na yankawa ƙasa da kaurin milimita 12, tare da maɗauri a sama. Wani zai ce maka na 6 ma ya isa, ya rage maka kuɗi. Araha ba ta ado, kuma lita 600 a tsakiyar falo da yara na wasa kusa ba abin gwaji ba ne. Murfi mai nauyi ma dole ne, oska na tsalle.

Sai ruwa, wanda a wurinmu shi ne babban gwaji. Kifi mai cin nama na fitar da amoniya da yawa. Ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune cikin matatar ruwa suna mayar da ita naitirait, sannan naitiret, ita kuma wannan ta ƙarshe taruwa take yi har sai ka kwashe ruwan da hannunka. Ina sauya kashi ɗaya cikin uku duk mako. A akwatin ƙafa shida lita 200 ke nan, jarka takwas masu lita 25. In a hannun 'yan garuwa kake sayen ruwa, yi lissafin mako 52 kafin ka yanke shawara. Ruwan famfo kuma sai an cire masa kulorin kafin a zuba.

A nan babban akwati ke nuna amfaninsa. Waɗannan kifaye sun fi jin daɗi tsakanin digiri 24 zuwa 28. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ke haura 40, ƙaramin akwati na ɗumama da wuri, ruwa mai ɗumi kuwa ba ya riƙe iska sosai. A ɗauke wuta, matata ta tsaya, cikin 'yan sa'o'i ka ga kifin a sama yana haki. Lita 600 na jinkirin ɗaukar zafi, na jinkirin sanyi a daren hunturu, gubar ma ba ta taruwa da sauri, kana da lokacin tada janareta. Duk da haka, ɗan famfon iska mai batir ko mai aiki da sola na cikin abin da nake sa kowane mai oska ya saya.

Wasu kan ce za su fara da ƙarami, in ya girma su canza. Nagari ne in akwatin na biyu na nan an haɗa. Amma abin da na saba gani shi ne kifin na girma kafin kuɗin su samu, hidimomin gida su taso, ya shekara a matse. Dabbar da ka tsare haƙƙinta na wuyanka, ita ba ta da bakin kai ƙara.

In kuma kifin ya riga ya fi ƙarfinka, don Allah kada ka kai shi dam ko kogi. A ƙarshen shekarun 1960 pikok bas ya shiga tafkin Gatun na ƙasar Panama, cikin 'yan shekaru ƙananan kifayen wurin da dama suka yi ƙaranci ƙwarai, wasu aka daina ganinsu. Oska ma ya zauna daram a magudanan ruwan kudancin Florida a Amurka. Ruwanmu mai ɗumi ne, baƙon maharbi na iya samun wurin zama a Tiga ko kogin Kaduna, kuma masunta ne za su ɗanɗana. Ka mayar wa mai shago, ko ka nemi mai babban akwati ka ba shi.

Wanda ƙafa uku kawai ɗakinsa zai ɗauka, akwai jan siklid ɗin nan da ake kira juwel, ɗan asalin kogunan Afirka ta Yamma. Yawanci ba ya wuce santimita 10 zuwa 12, yana farautar ƙwari da 'yan ƙananan kifaye, mace da namiji na tsaron 'ya'yansu tare, kuma lokacin ƙwai jikinsu na yin jawur da ɗigo-ɗigon shuɗi. Mace ɗaya da namiji ɗaya a akwatin santimita 90 sun wadatu, ruwan da za ka sauya a mako kuma bai wuce jarka biyu ba.