Darasi na Tara: Yini Guda a Wikki

Ba jiki kaɗai ke gajiya ba, zuciya ma takan gaji da hayaniyar gari. Shi ya sa mutane kan yi tattaki zuwa Wikki, wata maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke cikin gandun dajin Yankari, a Jihar Bauchi. An keɓe dajin a shekarar 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962.

Da sassafe ake shiga daji a mota tare da ɗan jagora. Mai sa'a yakan ga ɓauna da gwanki a bakin kogin Gaji, musamman da rani. Wani lokaci har da giwaye, waɗanda suke cikin 'yan kaɗan da suka rage a Nijeriya.

In rana ta take, sai a gangara Wikki. Ruwan yana ɓulɓulowa daga gindin dutse, garau, har ana hangen yashin da ke ƙasa. Ɗuminsa ba ya sauyawa: digiri 31 ne, ko da hunturu ko da bazara. Wanda ya ɗan jima a ciki zai ji gaɓoɓinsa sun saki, gajiya ta gushe. Sai dai a kula da guzuri, domin gwaggon biri ba ya jin kunyar baƙo!

Tambayoyi
1. A wace jiha Wikki take?
2. Me ake nufi da "rana ta take"?
3. Bayyana wani wurin shaƙatawa da ke kusa da garinku.