MAHALBI BISA ICCE LOKACIN ƊARI

Kowace shekara, daga watan Disamba zuwa Fabrairu, hunturu yana busawa a ƙasar Damagaram. An gama girbi, ciyawa ta bushe, tabkuna da yawa sun ƙafe. Namun daji suna matsowa inda sauran ruwa yake. Lokacin ne mahalbi ke hawa icce kusa da hanyar nama, ya yi kwanto. Lokacin ne kuma masu lambu na Mirriya, da Gidimuni, da kwarin Korama suke gadin kayansu. Wasu a ƙasa suke kwana, wasu bisa gadon da suka ɗaura a kan icce.

Dukansu abokin gabarsu ɗaya ne, shi ne ɗari. Ɗari yana kashe hannu, ya sa barci. Mai barci bisa icce kuwa ya kusa faɗuwa. Nama bai samu ba, ga karaya, ga iyali sun zauna babu mai nema masu.

Yadda ɗari ke shiga jiki

Zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35, to, ciwo ya samu. A birnin Zinder, cikin watan Janairu, zafi yana kai kusan digiri 30 da rana. Da dare sai ya sauko wajen 15. Cikin daji, da bakin tabki, da wajen Tanut da Gure, yakan sauka ƙasa da haka. Sanyi ya fi tsanani da asuba, kafin rana ta fito. Daidai lokacin da mahalbi ke hawa icce ke nan.

Mai noma ko mai tafiya, motsi yana ɗumama shi. Mai kwanto kuwa ba ya motsi, don kada nama ya gan shi. Jikinsa yana ɓatar da zafi, ba ya samun sabo.

Ta hanya uku zafi ke fita. Ta farko, iska. Iskar sama ta fi ta ƙasa ƙarfi, don babu shinge, babu kara mai tare ta. Ta biyu, gumi. Rigar da ta jiƙe tana jan zafin jiki waje, kamar yadda randa mai tsattsafo ke sanyaya ruwa. Ta uku, wurin zama. Reshe mai sanyi yana shan zafin wanda ya zauna kansa.

Shiri tun daga gida

Mahalbi ya ci abinci mai zafi kafin ya fita: ɗumamen tuwo, ko kunun gero da sukari. Abinci shi ne iccen wutar jiki. Ya sa dabino, ko gujiya, ko ƙuli-ƙuli cikin aljihu. Ya sha ruwa, ko ba ya jin ƙishirwa, don hunturu yana busar da jiki.

Riguna uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri. Iskar da ke tsakanin riga da riga ita ce ke riƙe ɗumi. Ta ciki ta zama busasshiya. Ta tsakiya rigar sanyi ce. Ta waje mai tsauri, wadda iska ba ta ratsawa. Ana samun irin waɗannan a kasuwar Dole ta Zinder, da kasuwannin ƙauye, wurin masu gwanjo.

Ya rufe kai, da kunne, da wuya, da hula da rawani. Ya ɗaure bakin rawani sosai, kada ya sarƙe da reshe. Ya sa safa da takalmi rufaffe. Kada takalmin ya matse shi, don in jini bai gudana ba, ƙafa ta fi yin sanyi. Ya ɗauki gwado ko bargo, da buzu ko buhu na zama.

A hanya kada ya sa rigunan duka. Ya ɗaure su a baya, ya yi tafiya sannu, don kada ya yi gumi. In ya iso gindin iccen, ya huta kaɗan, sannan ya sa su.

Ya kuma gaya wa mutanen gida inda za shi, da lokacin da zai komo. Wanda ba a san inda ya nufa ba, ina za a neme shi?

Zaɓen icce

A zaɓi icce da rana, ba cikin duhu ba. A duba reshe: ɗanye ne, ko busasshe? Gara ta ci shi? A duba kogo, kada a tarar da zuma ko maciji. Tsamiya tana da ƙarfi da ganye mai yawa, tana tare iska. Gawo yana da ganye da rani, amma akwai ƙaya. Kuka kuwa ta kaɗe ganyenta da rani, jikinta kuma da santsi.

Hunturu daga arewa maso gabas yake zuwa. Mahalbi yana son iska ta biyo daga wajen nama zuwa wajensa, don kada nama ya ji warinsa. Ke nan iska a fuska za ta buge shi. Dabara ita ce ya zauna a bayan jikin iccen, ta kudu maso yamma, yana leƙe ta gefe. Icce ya sha iska, shi ya samu sauƙi.

Hawa da zama

Ba a hawa icce da makami a hannu. A ɗaure bindiga, ko baka da kwari, da doguwar igiya. In an zauna, a jawo su sama. Kada a ɗana bindiga tun daga ƙasa, bakinta kuma kada ya dubi mutum.

Da zama, sai ɗaure kai. Mahalbi ya zagaya ƙirjinsa da igiya mai ƙarfi, ta ƙarƙashin hammata, ya ɗaure ta a jikin iccen. Igiyar ta zama gajera, yadda ko ya yi gyangyaɗi ba zai zame daga reshe ba. Ba a ɗaura ta a ciki, balle a wuya. Wannan igiya ita ce kayan da ya fi kowane araha, ita ce kuma mai tsaron rai.

Ya shimfiɗa buzu, ya lulluɓa da gwado. Ya sa hannuwa cikin hammata. Lokaci lokaci ya motsa yatsun ƙafa cikin takalmi, ya danƙe hannu ya saki, ya ɗaga kafaɗa. Nama ba ya ganin irin wannan motsi, amma jini yana gudana. Wanda ya so, ya gasa dutse a gida, ya naɗe shi da tsumma mai kauri, ya sa cikin riga.

Wuta kam babu ita. Hayaƙi yana korar nama. Tartsatsi ɗaya kuma ya isa ya cinye makiyayar gari duka.

Abubuwan da ke ruɗin mutum

Wasu sun ce taba tana maganin sanyi. Ba haka ba ne. Taba tana tsuke hanyoyin jini, yatsu su ƙara sanyi. Giya tana sa mutum ya ji ɗumi a fata, alhali zafin cikinsa fita yake yi. Ƙwayoyi irin su taramol suna kawo barci da jiri. Duk wanda ya sha su, kada ya hau icce.

Yaushe ake sauka?

Ga alamu huɗu:

1. Jiki yana rawa, haƙora suna haɗuwa, ya kasa tsaida su.
2. Babban yatsa ya kasa taɓa ƙaramin yatsa.
3. Barci mai nauyi yana fizgarsa.
4. Tunani ya rikice, ko harshe ya yi nauyi.

Ko ɗaya ya gani, ya sauka tun hannu yana iya riƙe reshe. Ya fara sauko da makami da igiya. Ya ɗumama hannu cikin hammata, sannan ya kwance kansa, ya sauka sannu. Wani yakan ce iskokin tsamiya ne suka taɓa shi. Sau da yawa ɗari ne ya taɓa shi. Nama yana nan gobe. In da rai, da rabo.

Taimakon wanda sanyi ya kama

A kai shi inda babu iska. A tuɓe masa jiƙaƙƙun tufafi, a sa masa busassu. A lulluɓe ƙirji, da wuya, da kai tukuna. In yana cikin hankalinsa, a ba shi kunu ko shayi mai ɗumi da sukari. Kada a murza masa hannu da ƙafa da ƙarfi. Kada a kanga shi dab da wuta. Kada a rufe shi a ɗaki da garwashin gawayi, don gawayi yana fid da iska mai kisa wadda ba a gani, ba a jin warinta.

In rawar jiki ta tsaya amma yana nan da sanyi, ba ya gane mutane, abin ya yi tsanani. A kai shi gidan likita maza. In ya faɗo, yana kukan baya ko wuya, kada a naɗe shi a ɗauka. A kwantar da shi miƙe bisa ƙyaure ko katako.

Abin da doka ta ce

Dokar farauta ta Nijar, mai lamba 98-07, ta ranar 29 ga Afrilu 1998, ta ce farauta sai da takardar izini, kuma cikin lokacin da aka buɗe ta. Ta hana farautar dare, da fitila ko babu fitila. Ta hana kora da wuta, da sa guba. Saboda haka mahalbi ya jira gari ya waye kafin ya yi halbi. A shekarar 2012 gwamnati ta keɓe dajin Tarmit da Tin Tumma don kare namun da suka kusa ƙarewa. Kafin a fita, a tambayi ma'aikatan gandun daji wane nama aka yarda a halba.

Tambayoyi don a tattauna a aji

1. Ta waɗanne hanyoyi uku zafi ke fita daga jiki?
2. Don me riguna uku suka fi guda mai kauri?
3. Da rana digiri 30, da dare 15. Nawa ne bambanci?
4. Wace dabara tsofaffin mahalban garin suke yi da ɗari? A tambaye su, a rubuto.