Kundin Rajista Na Kwamfuta: Yadda Za A Kula Da Shi

A kowace ma'aikata mai kwamfutoci da yawa, akan keɓe babbar kwamfuta guda a ɗora mata aikin maigadi. A cikinta ake ajiye kundin rajista, wato jerin sunayen ma'aikata da iyakar abin da aka yarje wa kowa ya taɓa. Idan akawu ya buga sunansa da kalmarsa ta sirri, kwamfutarsa takan tambayi wannan kundi. In kundin ya shaida shi, sai a buɗe masa. In bai shaida shi ba, sai a hana shi shiga.

Ƙa'idar da kwamfutoci ke bi wajen tambayar kundin ana kiranta LDAP, kuma ta fito a shekarar 1993, da sa hannun masana na Jami'ar Michigan ta Amurka. Manhajoji biyu sun yi fice wajen wannan aiki: OpenLDAP, wadda aka fara a 1998 ake kuma samunta kyauta, da Active Directory ta kamfanin Microsoft, wadda ta zo tare da Windows 2000.

Amfanin kundin a fili yake: daga wuri ɗaya ake buɗe wa mutum dukan ƙofofi, daga nan kuma ake rufe su. To, a nan haɗarin yake. Duk wanda kundin ya faɗa hannunsa ya mallaki ma'aikata baki ɗaya, in kuwa kundin ya lalace, aiki ya tsaya cik.

Haka ta faru ga Maersk, kamfanin jiragen ruwa na ƙasar Denmark, a watan Yuni na 2017. Wata muguwar manhaja mai suna NotPetya ta shafe kwamfutocinsa masu riƙe da kundin a ƙasashe dabam-dabam. Kwafi ɗaya tak ya tsira, a wani ofishinsa na Afirka ta Yamma, domin wuta ta ɗauke a can lokacin da abin ya auku. Da shi aka sake gina kundin.

Saboda haka wajibi ne jami'in da ke kula da kundi ya kiyaye waɗannan:

1. A ba kowa izini gwargwadon aikinsa. Mai kula da fayil ba ruwansa da takardun albashi.

2. A taƙaita yawan masu cikakken iko. Su ma kada su yi amfani da sunan nan mai iko wajen karanta wasiƙu ko yawo a intanet.

3. Kada a ajiye kalmomin sirri a rubuce yadda ido zai karanta. A kuma rufe hanyar da ke tsakanin kwamfutoci da kundin da tsarin ɓoye saƙo na TLS.

4. A ƙara shaida ta biyu bayan kalmar sirri, kamar lambar da ke fitowa a wayar ma'aikaci.

5. Ran da ma'aikaci ya bar aiki, a ranar za a rufe sunansa.

6. A riƙa duba bayanan shiga da fita, a kuma sabunta manhajar da zarar gyara ya fito.

7. A ajiye kwafin kundin a wurin da ba ya haɗe da sauran kwamfutoci, a riƙa gwada shi lokaci-lokaci.

Maersk sa'a ya ci, amma ba a gina tsaron dukiyar jama'a a kan sa'a. In kunne ya ji, jiki ya tsira.