Garantin Baki Ba Ya Mayar da Batir

Sana'ata haɗa sola ce da gyaranta, a nan Dakoro da garuruwan da ke kewaye, daga Kornaka zuwa Birnin Lalle har rugagen da ke bakin kwarin Tarka. Cikin kayan da ake kawo mini da sunan sun mutu, akwai waɗanda suka fi ci mini rai: sababbin kaya da suka baro kamfani da aibinsu, waɗanda da an bi hanyar da ta dace da an canja wa mai su bai ƙara ko dala ba. Sai dai galibi kafin su iso hannuna haƙƙin ya riga ya zube, kuma mai kayan ne da kansa ya zubar da shi bai sani ba.

Matsalar ta ƙaru tun watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. A lokacin, wutar nan ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da kamfanin wutar Nijar, NIGELEC, ke rabawa, don haka duk mai ɗan hali ya koma neman farantin sola da batir. Kasuwa ta buɗe, kaya suka yi ta kwararowa, nagari da jabu a mota ɗaya, wasu daga Kano ta Jibiya da Ɗan Issa, wasu daga tashar jiragen ruwa ta Lome. Kafin batir ya iso shagon Dakoro ya ratsa hannun mai shigo da kaya, da ɗan sarin Maraɗi, wani lokacin har da na ɗan tsakani. Takardar alkawarin kamfani kan tsaya a ɗaya daga cikin hannuwan nan. Abin da ke isowa wurin mutumin ƙauye shi ne: "Ɗauka, Malam, orijinal ne, in ya yi matsala ka dawo."

Abin da ke ba ni mamaki shi ne mu mutanen Dakoro ba baƙin wannan haƙƙi ba ne. Je kasuwar bisashe ta Sakabal ka ga yadda makiyayi ke sayen saniya. Zai buɗe bakinta ya duba haƙori, ya shafa hantsa, ya sa a kora ta ya ga tafiyarta. Ba zai miƙa kuɗi ba sai a gaban dillalin da ya san mai saniyar ya san rugarsu, don in wata cuta da aka ɓoye ta bayyana, akwai wanda za a riƙe. Wannan mutumin ne kuma zai sayar da dabbarsa ya shiga shago ya zube kuɗinta kan batir, bai auna ba, bai karɓi takarda ba, ko sunan mai shagon bai tambaya ba.

Malamanmu na zaure da ke karantar da Risala ta Ibn Abi Zaid sun san hukuncin a babin ciniki. Wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da ya riga ciniki kuma ba a bayyana masa ba, yana da zaɓi: ya riƙe, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Kowa kuma ya san hadisin da Muslim ya ruwaito na tarin hatsin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu a ciki ya ji danshi a ƙasa. Amma akwai wani gefen hukuncin da ba a cika faɗa ba, kuma shi ne ya fi cin mutanenmu: idan ka ga aibi ka ci gaba da amfani da abin, ana ɗauka ka yarda da shi ke nan.

Wani dattijo daga wani ƙauye a arewacin gari, mai sana'ar cajin waya da sayar da ruwan sanyi, ya kawo mini batir mai 200Ah a bayan babur. Ko ledar jikinsa bai gama cirewa ba. Na ɗora mita, ta tsaya a kan bolt 10.5. Batir mai bolt 12 ɗakuna shida ne a cikinsa, kowane yana ba da bolt 2.1, saboda haka in an yi caji aka ga 10.5 ya ƙi hawa, ɗaki ɗaya ne ya mutu. A sabon batir da ba a wahalar ba, wannan aibin kamfani ne ƙarara, irin wanda duk ɗan kasuwar kirki zai canja ba gardama. Na ce, "Baba, ina takardar saye?" Ya ce, "Yaro, ai Alhajin ya san ni, ba mu yi takarda ba." Na ce yaushe ya fara ganin alama. Ya ce tun makon farko firij ɗin ke ɗaukewa kafin tsakar dare, ya ɗauka sabunta ce, zai warware. Sai da na juya batir ɗin na ga abin da ya fi muni. An ɓalle murfin sama da sukudireba, an ɗura masa ruwan batir, alhali irin rufaffen nan ne da ba a buɗewa. Wani mai gyaran babur ne ya taimaka masa da niyyar alheri. Na kira mai shagon a Maraɗi na yi masa bayani, amsarsa ɗaya ce: shi ma wanda ya sara masa ba zai karɓi batir da aka fasa ba. Kuma gaskiyarsa. Dattijon nan ya koma gida da asarar da bai kamata ta hau kansa ba.

Mafi yawan wannan baƙin ciki ana iya tare shi tun a bakin shago, kafin kuɗi ya bar aljihu. Batir irin na dalma nauyinsa ne gaskiyarsa, don dalmar ce ke riƙe wuta. Mai 200Ah na gaske yana kai kilo 55 zuwa 65. Ɗora shi kan sikelin masu sayen wake. In ka ga arba'in da ɗan wani abu, lambar da ke jikinsa ƙarya ce, ko da kwalinsa ya fi na kowa ƙyalli. Sannan a sa mita. Sabon batir da ke zaune ya kamata ya nuna bolt 12.6 ko sama. In ya sauko wajen 12.2, ya daɗe a ajiye babu caji, ya fara lalacewa tun bai yi aikin kwana ɗaya ba. Duba kuma ranar ƙira, yawanci a buge take a saman murfi.

Farantin sola kuwa da ma'aunin tela ma ana kama shi. Faranti mai kyau a yau, kowace murabba'in mita ɗaya tana ba da wat 200 zuwa 220. To in ka ga faranti tsawonsa mita ɗaya da rabi, faɗinsa santimita 70, an manna masa takarda mai cewa wat 500, ba sai ka kira ni ba: wat ɗari biyu da ƴan kai ne iyakarsa. Irin wannan babu wani kamfani da ke tsaye a bayansa da za ka kai wa kuka. Fitar da shi rana, a auna a gabanka, ka ɗaga shi ka duba ko akwai siraran tsaga a ƙwayoyinsa, ka leƙa ɗan akwatin baya ka ga ko a like yake sosai.

Akwai maganar "shekara 25" da masu shago ke jawo hankali da ita. Alkawari iri biyu ne manyan kamfanoni ke yi a kan faranti. Na shekara 25 ɗin cewa yake ƙarfin wutar ba zai sauka ƙasa da kusan kashi 80 cikin ɗari ba a tsawon lokacin. Na lalacewar jikin farantin daban ne, galibi shekara 10 zuwa 12. Dukkansu kuma sai ta hannun wakilin da kamfanin ya sani ake karɓarsu. A kan ƙananan kayan sola na gida da ke zuwa a haɗe cikin kwali ɗaya, akwai tsarin tantance inganci na duniya mai suna VeraSol, wanda ba ya yarda da kaya sai suna da garantin aƙalla shekara 1 ga ƙananan fitilu, shekara 2 ga na gida. Tambayar mai shago ko kayansa na cikin jerin ba laifi ba ne.

Kada wani ya ɗauka mu kaɗai ake tsananta wa da takarda. A Tarayyar Turai doka ta ba mai saye shekara 2, amma sai ya nuna shaidar saye. Kamfanonin da ke ƙera sandar wasan golf, irin su Callaway da TaylorMade, suna canja sandar da kanta ya tsage saboda aibin ƙira cikin shekara 2, da sharaɗin daga wakilinsu ka saya, ba ka sauya mata komai ba, ba kuma kai ka ji mata rauni ba. Sharaɗin attajiri da sandarsa shi ne sharaɗin talaka da batirinsa.

Dole kuma in yi wa ƴan kasuwa adalci, don ba kowane batir da ya mutu da wuri ne laifin kamfani ba. Ranar nan tamu, wadda marigayi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa, ya ƙarar da rayuwarsa yana nazarin yadda za mu ci moriyarta, abokiyar faranti ce amma makashiyar batir. Lissafin kwanakin batir a kan zafin digiri 25 ake yinsa, kuma kusan duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanakin biyu. A Afrilu da Mayu muna haura 40 a inuwa, sai ka tarar an ajiye batir a ɗakin kwano mara taga, kusa da injin firij. Ga masu tatse shi kowane dare har sai fitila ta mutu, alhali na dalma ba ya son a ci fiye da rabinsa. Ga masu jona faranti kai tsaye ba tare da regilata ba, don tsimin ƴan jakunkuna. Ga masu haɗa sabo da tsoho a layi ɗaya, tsohon ya cinye sabon. Famfon sola ma haka: rijiyoyinmu masu zurfi ne, in ruwa ya ja baya aka bar famfo yana juyawa a bushe, ko yana shan yashi, ƙonewa zai yi, kuma babu garantin da ke ɗaukar wannan. Wanda ya zo mini da irin wannan nakan faɗa masa gaskiya ko ba ta yi masa daɗi ba, don in muka riƙa kai wa ƴan kasuwa kayan da mu muka kashe, gobe mai gaskiya ne ba za a saurara ba.

Takardar da nake roƙon kowa ya karɓa, faktir ce ko rasit in daga Najeriya ka sayo, ba doguwa ba ce. Sunan shago da lambar waya da hatimi, ranar saye, sunan kayan, lambar da ke jikinsa wadda ba ta da ta biyu, da adadin watannin garanti a rubuce. Lambar nan ita ce ke hana a ce maka "ba namu ba ne". Ɗauki hotonta da na takardar a waya, don takarda gara na ci. Wanda bai iya boko ba ya sa a rubuta masa da ajami, ko ya tafi da ɗansa. A wurin kuma a yanke magana kan abin da ke kawo faɗa daga baya: canji za a yi ko gyara, kuma wa zai biya kuɗin mota. Tsakanin Dakoro da Maraɗi ya haura kilomita ɗari, batir mai kilo 60 ba kyauta ake ɗaukarsa ba. In an canja maka, auna sabon kamar yadda ka auna na farko, a sake rubuta lambarsa, kuma ka sani yawanci sauran watannin da suka rage ne ke binsa, ba sabon lissafi ba.

Ƴan uwana masu shaguna, ku ma kuna da inda za ku dafa. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke cikinta, ta tsara ciniki tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa: aibin da ke bayyane sai a sanar da wanda ya sayar cikin wata ɗaya bayan karɓar kaya, ɓoyayyen aibi kuwa akwai shekara ɗaya daga ranar da aka gano shi. Ku buɗe kwali ku auna ranar da kaya suka sauka, ku riƙe littafin lambobi, ku nemi ɗan sarin Maraɗi ya rubuta muku garanti kamar yadda za ku rubuta wa na ƙasa da ku. Mai saye shi ma doka ba ta bar shi ba. Akwai aya ta 1641 ta kundin dokokin farar hula kan ɓoyayyen aibi, akwai kuma doka mai lamba 2015-24 ta 11 ga Mayu 2015 kan kare masu saye. A abin da na gani, magana ba ta cika kai wa kotu ba. In akwai takarda da lamba, shugabannin ƴan kasuwa ko wani dattijo a layin kan raba gardamar a zama ɗaya.

Ranar da ka ga sabon kayanka ya fara wata alama, fitila na disashewa da wuri, batir ya kumbura ko yana zafi fiye da kima, inbata na kuka ba dalili, kashe komai ka cire wayoyi. Kada ka buɗe, kada ka bari wani ya buɗe, ko da ni ne. Aikin mai gyara a wannan mataki awo ne kawai daga waje: ya ɗora mita, ka ɗauki hoton abin da ta nuna tare da lambar kayan, ka tura wa mai shago ta WhatsApp a ranar, don ranar da ka kai kuka ta zauna a rubuce. Daga nan ka mayar da kayan cikin kwalinsa, ka ɗauki takardarka, ka kama mota ranar kasuwa mafi kusa.