Yadda Ake Farfaɗo da Burtalin da Gonaki Suka Cinye

Duk wanda ya tashi a karkara ya san burtali, hanyar nan mai shinge dama da hagu da shanu ke bi daga ruga zuwa mashaya, ko daga wannan dajin kiwo zuwa wancan, ba tare da sun sa baki a gonar kowa ba. A wasu wuraren labi ake ce masa. Ya kuma san yadda ake cinye shi. Bana mai gonar gabas ya ƙara kunya biyu, baɗi na yamma ya ga ba wanda ya tanka, shi ma ya ƙara uku. Kafin shekara goma, inda garke ke wucewa a sake ya koma ɗan siririn lungu wanda jaki da mangala ma sai ya gogi dawa. Ranar da garke ya iso ya tarar ba hanya, kowa ya san abin da ke biyo baya. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da Toda ba, inda a 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da ɗari, yawancinsu mata da ƙananan yara.

A 1993 Nijar ta fitar da kundin dokokin karkara, wanda a ƙarƙashinsa aka kafa kwamitocin kula da filaye da ake kira COFO, tun daga ƙauye har zuwa gunduma. A 2010 kuma aka ƙara dokar kiwo, wadda ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, kuma burtali da mashaya da dajin kiwo na jama'a ne, ba mai mallake su. Mafi yawan abin da zan faɗa a nan daga irin aikin da aka yi a yankunan Maraɗi da Damagaram yake, kuma ba abin da zai hana a yi shi a Katsina ko Jigawa ko Sakkwato.

Farko a zaɓi lokaci. Ba a taɓa maganar burtali da damina, gero na tsaye, don duk wanda aka ce ya janye zai ga abincin 'ya'yansa ake so a sare. Da rani ake yi, bayan an kai amfanin gona rumbu, zukata sun kwanta. Sai dai a kula da wani abu da ake yawan mantawa. Masu babban garke ba mazauna ba ne. Da damina suna arewa, can wajen Ingal da Azawak, da kaka su gangaro, da rani wataƙila sun yi nisa cikin Najeriya. Idan aka kira taro bayan sun wuce, an yanke hukunci a kan hanyarsu ba da su ba. To, a tambayi arɗo yaushe suke ratsowa, a sa taron a daidai nan.

Masu zama su ne mai gari ko dagaci, arɗo, sarkin noma, liman, wakilin hakimi, ma'aikacin gona da na dabbobi, da wata daga cikin matan ruga, domin su ke bin hanyar kullum da ƙwaryar nono. Amma maigidan taron na gaskiya shi ne tsohon da ya yi kiwo ko noma a wurin shekara hamsin da suka wuce. A nemo irinsu daga ɓangarorin biyu, ko da sai an ɗauko su a amalanke.

Kafin a yi maganar hanya, a fara lissafa inda take zuwa. Ina tafki, ina rijiyar shayarwa, ina fadama, ina masheƙarin da garke ke kwana? Burtalin da ya yi tafiya mai nisa ya ƙare a bakin shingen lambu bai amfani kowa ba, kuma wannan shi ne ciwon da noman rani ya kawo: albasa da tumatir sun zagaye tafki, saniya na ganin ruwa ba ta da ta inda za ta sha. Dole a fitar da bakin mashaya mai faɗi, a kuma ware wuraren hutawa a kan hanyar, gwargwadon tafiyar da garke mai maruƙa zai iya yi a yini.

Sai a fita da ƙafa. Gani ya kori ji. Tsofaffi na gaba, jama'a na biye, ana neman shaidar da ƙasa ta riƙe: tsohuwar kuka, tsamiyar da aka san nan ake ratsewa, suri, kututturen dashi, ragowar layin gamba. Ƙasar ma da kanta tana magana. Inda shanu suka yi shekara da shekaru suna bi ya fi kewayensa baƙi da ƙarfi saboda taki, kuma wannan ne ya sa manomi ke kwaɗayinsa tun farko. Hoton tauraron ɗan'adam da ke cikin waya yana taimakawa, amma ba na son a fito da shi kafin tsofaffi su gama magana. Mutum ya fi karɓar hukuncin da ya fito daga bakin sa'an ubansa.

Nan ake zuwa wurin da aikin ke tsayawa ko ya watse, wato faɗi. Babban burtali da garkunan nesa ke bi yana son mita 50 zuwa 100, ƙaramin da ke kai dabbobin gari mashaya bai kai haka ba. Kowace mita kuwa daga gonar wani za ta fito. Wanda ya ci kunya biyar ya janye, ba wata magana. Amma akwai talakan da ya sayi gona da kuɗinsa bai san tsakiyar burtali aka sayar masa ba, akwai marayun da suka gaji wurin haka. Irin waɗannan a nema musu musanya a wani wuri kafin a ce su tashi. Inda kuma aka riga aka yi makaranta ko masallaci ko maƙabarta, ba a rusawa, karkata hanyar ake yi, maƙwabta su ɗan rage kowa daga nasa.

Akwai kuma gonar manya. A kusan kowane burtali za a tarar da wadda ta fi kowace cin iyaka, kuma mai ita ɗan'uwan masu sarauta ne, ko ɗan siyasa, ko attajirin birni da ya kewaye fili da waya. Ni a ganina daga kanta ya kamata a fara kafa turke. Idan aka tsallake ta aka je ana auna ta talaka, jama'a za su yi shiru a gaban hukuma, da dare kuma su tumɓuke duk abin da aka kafa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

In an daidaita, sai a rubuta. A karanta takardar a bainar jama'a da Hausa da Fulatanci, kowane mai gonar da ke bakin hanyar ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A fara sa alama ta wucin gadi, fenti a jikin itatuwa da 'yan turaku, a bar wasu makonni don mai ƙorafi ya fito. Bayan nan a kafa ginshiƙan siminti biyu-biyu suna fuskantar juna, a shafa musu ja da fari, yadda wanda ke tsaye a wannan zai hango na gaba. A ɗauki lambar kowane ginshiƙi da na'urar GPS, a zana taswira, a kai wa hukuma ta shigar a rajista ta fitar da takardar doka. Wannan matakin na ƙarshe shi ne wanda Najeriya ta yi sakaci da shi. Tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar dazuzzukan kiwo, an ware wajen 415 a faɗin ƙasar, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kaɗai aka shigar a gazet. Sauran, da yawansu sun zama gonaki da filayen gini, kuma ba takardar da za a nuna wa alƙali.

Siminti kaɗai ba ya tsare hanya. Ana tumɓuke shi, ana ma fasa shi don rodin da ke ciki. Shi ya sa ake bin layin da shinge mai rai. Aguwa da bi-ni-da-zugu dabbobi ba sa cin su, dashi kuma reshe kawai za a sara a kafa gab da faɗuwar ruwa, ya kama. A cikin burtalin kuwa a yi yaƙi da garmani, ciyawar nan da ta mamaye hanyoyin dabbobi a kudancin Nijar ta kori ciyawar kirki. Da gayya ake cire ta kafin ta zubar da iri, a watsa kyasuwa da gamba a madadinta. Garken da ya sami abin tsinka a kan hanya ba ya leƙen gonar gefe.

Saura ƙa'idojin zama. A Nijar gwamnan jiha ne ke sanar da ranar sakin gonaki kowace shekara, kafin ranar dabba ba ta shiga, bayanta kuma ana sa ran manomi ya riga ya kwashe abinsa. A yau da kara da harawa suka zama kuɗi, gara a faɗi a fili wane ne na sayarwa, wane ne na kiwo. A hana kiwon dare kusa da gonaki, a hana sakar wa yaro ƙarami babban garke shi kaɗai. In an yi ɓarna, kwamiti ya je ya gani a ranar ko washegari, tun sawu bai ɓace ba, a kimanta, a biya a gaban shaidu. Kuma a yi magana da garin gaba, har da na ƙetaren iyaka. ECOWAS ta fitar da takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi tun 1998, kuma ko da yake Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, shanu ba su fasa gangarowa kudu da rani ba.

Abu na ƙarshe ba ya cin ko sisi. Kowace bazara, kafin ruwan shuka, mai gari da arɗo da 'yan kwamiti su sake taka burtalin daga farko har ƙarshe, su ƙirga ginshiƙai, su mayar da wanda ya gusa. Ranka ya daɗe dagaci, in a ƙasarka akwai burtalin da ya rage, a yi wannan tattakin bana tun ba a kai iri gona ba.